Daga kan Dala zuwa Goronyo: me ya ƙarar da dainoso?

Ran wata Asabar na hau Dutsen Dala da ɗan ƙanwata, wanda kwanan nan ya shiga sakandare. Muna kallon rufin gidajen cikin birni, sai ya miƙo mini waya da hoton wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya, ya ce, "Kawu, wai me ya kashe su? Kuma an taɓa yin su a nan?"

Tambaya ta biyu ta fi sauƙi. Dala marmara ce mai tama, abin da ya jawo maƙeran farko suka zauna a gindinta, kuma ƙasar Kano tana kan tsohon dutse ne mai tauri wanda ba ya adana ƙashi. Amma maƙwabtanmu suna da su. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a yankin Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dabbar da ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A 1999 Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya bayyana Nigersaurus, mai cin ganye da haƙora fiye da 500. Sai dai waɗannan sun rayu shekara miliyan 110 ko fiye da suka wuce, tun ƙarshe bai ko ƙyallo ba. Sun shaida mana an yi dainoso a yankinmu, ba su gaya mana yadda aka ƙare ba.

Ƙarshen ya zo shekara miliyan 66 da suka shuɗe, kuma ba daga ƙashi aka fara gane shi ba, daga laka ne. A wani kwazazzabo kusa da garin Gubbio a Italiya akwai wani siririn layin yumɓu, kaurinsa bai wuce na yatsa ba. A ƙarƙashinsa dutsen cike yake da ɓawon ƙananan halittun teku. A samansa kusan duk sun ɓace. Walter Alvarez ya kai wa mahaifinsa Luis, masanin kimiyya mai lambar Nobel, guntun wannan yumɓu. Da suka auna shi tare da Frank Asaro da Helen Michel, sai suka tarar da ƙarfen iridiyam ninki 30 na abin da aka saba. A Denmark ya kai ninki 160. Iridiyam kuwa ƙaranci gare shi a doron ƙasa, amma yana da yawa a duwatsun sararin samaniya. A 1980 suka fito suka ce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ne ya faɗo.

Masana da dama ba su yarda ba, kuma a ganina sun yi daidai da suka ce a nuna musu ramin. Wanda ya ce an sari itace, ai ya nuna kututture. Ashe tun 1978 Glen Penfield da Antonio Camargo, masu neman man fetur wa kamfanin Pemex, sun ga alamar wata da'ira a binne a yankin Yucatán na Meziko. Sai a 1991 Alan Hildebrand da abokan aikinsa suka tabbatar rami ne na faɗowar dutse, faɗinsa wajen kilomita 180. Shi ne Chicxulub. An kuma samu ƙwayoyin yashi masu tsagu a gicciye, irin tsagun da sai bugu mai tsananin gaske ke yi, da ɗigon narkakken dutse da ya daskare kamar duwatsun ado, duk a wannan layi guda, a nahiyoyi dabam-dabam.

Bugun kansa bai kashe duniya ba, duhun da ya biyo baya ne. Mutumin Kano ya san hazo: rana ta koma kamar faifan tuwo, sanyi ya sauko, wani lokaci jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. To a ƙaddara hazon da ya fi wannan kauri nesa ba kusa ba, ƙura da toka da hayaƙin farar wuta, ya shekara ya sake shekara bai washe ba. Tsiro ya mutu, mai cin tsiro ya bi shi, mai cin nama ya bi baya. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinsunan halittu suka tafi. Daga zuriyar dainoso, tsuntsaye kaɗai suka tsira.

Har yau akwai masu ja. Gerta Keller ta Jami'ar Princeton ta daɗe tana cewa aman wutar duwatsun Deccan na Indiya, wanda ya malale ƙasa mai faɗi a wannan zamani, shi ne babban dalili. Mafi yawan masana sun tsaya a kan dutsen sama, suna ganin aman wutar ya dai jigata duniya. Ni ma can na karkata, saboda mutuwar ta zo ne farat ɗaya, daidai kan layin iridiyam.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana jihar Sakkwato. A wancan zamani wani teku marar zurfi ya ratsa inda Sahara take yau, ya malalo har ƙasar Rima. A shimfiɗar duwatsun da masana ke kira da sunan ƙauyen Dukamaje aka tono wani ƙaton ƙadangaren ruwa, W. E. Swinton ya bayyana shi a 1930, a 1972 kuma masanan Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ba dainoso ba ne, amma tare suka gushe. Idan ka hauro zuwa shimfiɗun Dange da Kalambaina, waɗanda suka kwanta bayan halakar, babu shi babu danginsa, sai kifaye da kadoji da katantanwa. Wato kafin da bayan wannan al'amari suna nan jere a ƙasarmu, ɗaya bisa ɗaya. Ko a ƙarƙashin teku, daura da gaɓar ƙasar Gini, a 2022 Uisdean Nicholson ya ba da rahoton wani rami mai suna Nadir, faɗinsa fiye da kilomita 8, mai kusan waɗannan shekarun.

Farin dutsen Kalambaina shi ake niƙawa a yi simintin Sakkwato. Maginin da ke kwaɓa shi yana juya ɓawon halittun da suka gaji tekun bayan duhun ya yaye, yaronmu kuwa a wayar hannu ya fara jin labarin, da bakin baƙi. Ina fata wata rana a ware akwatin gilashi ɗaya a Gidan Makama, a sa guntun dutsen Dukamaje a ƙasa, na Kalambaina a sama, a rubuta bayaninsu da Hausa. Da muka sauko daga Dala, yaron nan tambayata yake nawa ne kuɗin mota daga Kano zuwa Goronyo.