Kififfiyar tabki da masu ɗaukar hoto

Damina ta sauka, tabkunan Arewa sun cika tun daga Matankari har Tibiri, samari kuma sun koma halinsu. A kamo kififfiya a bakin tabki, a huda gefen ƙoƙon bayanta da ƙusa, a zura igiya, a ja ta zuwa rairayi a yi ta ɗaukar hoto ana turawa Facebook. In ka tanka, sai a ce maka ai ƙoƙo ne, ba ta jin komai.

Wa ya faɗa muku? Wannan ƙoƙon ƙashin jikinta ne. Haƙarƙarinta da ƙashin bayanta ne suka haɗe suka zama rufi, da jini da jijiyoyi a ciki. Mai huda shi ƙashi mai rai yake hudawa, kuma raunin kan ruɓe cikin ruwan tabki bayan mai hoton ya daɗe da mantawa. Dabbar da ta shafe watannin rani binne cikin laka tana jiran ruwan farko, ita ce za a kashe don a tara yabo a waya. Haba!

Wasu kuma bidiyon Amurka ya ruɗe su, inda ake nuna wata kififfiya mai mugun cizo da doguwar jela, suna zaton tamu ma haka take. Waccan a Amurka da Kanada take. Tamu ta nan Dallol Mauri kanta take lanƙwasawa gefe ta ɓoye, in an matsa mata ta saki wari.

Mai son hoton kirki ya je da hantsi, lokacin da take fitowa shan rana. Ya zauna nesa, ya yi ƙasa-ƙasa, rana na bayansa, amma kada inuwarsa ta faɗa kan ruwa, domin motsi kaɗan ke sa ta nutse. Ya jawo hoton ta cikin waya, ƙafarsa na inda take. Kada a kifar da ita, kada a ɗaga ta ta jela, kada a kai ta gida. In ka tarar tana gina rami a gefen tabki, ƙwai za ta saka, ka ja da baya. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, don tana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, wadda saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan irinta tun 1975. Kunkurun tudu kuwa ba ya iyo, masu jefa shi tabki don hoto ya yi kyau nutsar da shi suke yi.