Tsohuwar Waya Da Saƙon Sabuntawa

A watan Disamba na 2017 ne kamfanin Apple ya amsa cewa sabuwar manhajar da ya aika wa wayoyin iPhone 6 tana rage musu sauri idan batirinsu ya tsufa, wai don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda ɓoye wa masu saye wannan batu.

Shi ya sa wasu ke gudun sabuntawa. Amma fa gyaran tsaro daban yake, domin shi ke toshe kafar da ɓarayi ke bi su kai ga asusun banki. Ma'aikacin da ke taɓa albashinsa ta waya, gara ya sake batir ya ci gaba da karɓar gyaran.