YAWON YAMMA A BIRNIN DELHI

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Makaho kuwa ba ya tafiya mai nisa sai da wanda zai ja masa gora, daga nan ne muka sami kalmar nan jagora. A manyan biranen duniya akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai jagoranci. Su kan tari baƙi, su zaga gari da su, su nuna musu wuraren tarihi, su ba su labarin kowane wuri, sa'an nan a biya su ladan aikinsu. A wannan darasi za mu ga yadda a ke irin wannan yawo da yamma a Delhi, babban birnin ƙasar Indiya.

Delhi tana arewacin Indiya, a bakin wani kogi da a ke kira Yamuna. Mutanen da ke cikinta da kewayenta sun fi miliyan 30. Da ya ke tana gabas da mu ƙwarai, rana ta kan riga fito musu. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu da rabi. Watau in ƙarfe biyar na yamma ta yi a can, mu nan Nijeriya sha biyu da rabi ke nan na rana.

Me ya sa baƙi da yawa su ke son fita da yamma? Dalili na fari shi ne zafi. A watan Mayu da Yuni zafin rana a Delhi ya kan wuce digiri 40, har mutum ba ya iya tsayawa a fili ya dubi gini. Na biyu, da magariba a kan kunna wa manyan gine-gine fitilu, su fito sarai cikin duhu. Na uku, da yamma ne mutanen gari su ke tashi daga aiki su fito kasuwa da filayen shan iska. Wanda ya fita a wannan lokaci zai ga gine-ginen, ya kuma ga masu garin.

Jagoran kirki ba kara zube ya ke shiga aikin ba. Sai ya yi karatu, an jarraba shi, hukuma ta ba shi takardar izni, wadda zai nuna wa duk baƙon da ya nema. Ya kan ji harshen Hindi da Turanci, waɗansu har da Larabci ko Faransanci. Kafin a tashi ya kan ƙirga mutanensa, ya gargaɗe su kada kowa ya ware daga ayari, kowa kuma ya riƙe jakarsa da kyau, gama inda taro ya ke ba a rasa 'yan sane.

Da farko a kan nufi tsohon gari wajen la'asar. Wani sarki mai suna Shah Jahan, na zuriyar sarakunan Mugal, shi ya kafa wannan gari sa'ad da ya taso da fadarsa daga Agra. Shi ne kuma ya gina Taj Mahal, ginin nan da ya shahara a duniya. Ya kewaye garin nasa da ganuwa mai ƙofofi 14. Yau an rushe yawancin ganuwar, ƙofofi 'yan kaɗan suka rage.

Zango na fari shi ne babban masallacin Juma'a, wanda mutanen can ke kira Jama Masjid. An fara gininsa a 1650, aka gama a 1656, ma'aikata wajen 5,000 suka yi aikin. Yana bisa wani tudu, sai an hau matakai fiye da 30 kafin a kai ƙofa. A nan kowa zai tuɓe takalmansa. Da an shiga sai ga wata farfajiya mai faɗi wadda ta ke ɗaukar masallata wajen 25,000, da wurin alwala a tsakiyarta. Masallacin yana da ƙubba uku na farin dutse mai santsi, da hasumiya biyu, kowace tsawonta wajen mita 40. A kan bar wanda ba Musulmi ba ya shiga ya duba, amma ba a lokacin salla ba. Saboda haka ne jagora ya ke fara kawo mutanensa nan tun rana ba ta faɗi ba. Daga kan matakai ana hangen rufin gidaje ko'ina, da masu kiwon tantabaru suna kiran tsuntsayensu su sauko. Da azumi kuwa iyalai su kan shimfiɗa tabarmi a farfajiyar, su jira kiran salla su sha ruwa tare.

Daga masallaci sai a gangara kasuwa. Lungunan tsohon gari matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, sai dai a tafi a ƙasa ko a hau wani keke mai ƙafa uku wanda mutum ke tuƙawa da ƙafa, fasinja biyu na zaune a baya. Akwai kuma mai inji, irin wanda mu ke kira Keke Napep ko A Daidaita Sahu. Yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu ma daga Indiya a ke kawo su.

Babban titin kasuwar sunansa Candani Cauk, watau Dandalin Hasken Wata. Baƙo in ya duba ba zai ga dalilin wannan suna ba, gama ba abin da ke gabansa sai kantuna da fitilun lantarki da ɗimbin jama'a. To, a nan ne amfanin jagora ya ke fitowa. Zai gaya musu cewa 'yar sarki ce, mai suna Jahanara, ta tsara wannan wuri wajen shekarar 1650. A zamaninta akwai wani tafki a dandalin, da magudanar ruwa da ta bi tsakiyar titi. In wata ya fito sai haskensa ya faɗa cikin ruwan yana walƙiya. Ruwan ya daɗe da ɓacewa, sunan ne ya wanzu.

Kowane lungu na kasuwar da irin hajarsa. Akwai na maƙeran azurfa. Akwai na masu sayar da kayan adon amare, inda zare mai ruwan zinariya ke ɗaukar ido. A can ƙarshen titi ta yamma akwai kasuwar kayan yaji, wadda a ke cewa ba ta biyunta a nahiyar Asiya wajen girma. Ga barkono, ga citta, ga kanumfari da masoro da kirfa, buhu bisa buhu, 'yan dako suna ta kai da kawowa. Baƙo da wuya ya ratsa ta bai yi atishawa ba. Akwai kuma lungun masu suya, inda a ke cusa dankali ko wake cikin wata irin gurasa ta alkama, a soya ta da mai. Masu son zaƙi su sayi jalebi, wanda ya yi kama da alkakinmu. Jagora mai hankali ya kan kai mutanensa inda a ke soya abinci a gabansu, su ci da zafinsa, don kada wani ya kwana da ciwon ciki.

Wani abin lura a titin nan shi ne, cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 2 ba, mutum zai wuce wuraren ibada na addinai biyar: na Musulmi, da na Hindu, da na Kirista, da na Sik, da na Jain. Mabiya addinin Sik suna da wani babban madafi a ɗakin ibadarsu, suna ciyad da duk wanda ya zo kyauta, ba a tambayarsa addininsa ko garinsu. Mai kuɗi da matalauci a ƙasa su ke zama sahu ɗaya su ci. Amma wanda zai shiga sai ya tuɓe takalmi ya rufe kansa. Su kuwa mabiya addinin Jain, da ya ke ba su yarda a kashe ko da ƙwaro ba, sun gina wa tsuntsaye asibiti a jikin ɗakin ibadarsu. Wanda ya tsinci tantabara ko aku da karyayyen fiffike sai ya kai can a yi masa magani.

Kafin a gama da kasuwa duhu ya yi. Sai a juya gabas, inda titin ya ƙare a gaban fadar Shah Jahan. Sunanta Lal Kila, watau Jar Ganuwa, domin da jan dutse aka gina katangarta. An gama ta a 1648. Kewayen katangar ya fi kilomita 2, tsayinta kuwa ta wajen gari ya kai mita 33. In fitilu suka haske ta da dare sai ka ce garwashi.

Fadar nan ta ga daɗi, ta ga wuya. A cikinta ne a da a ke ajiye wata karagar mulki ta zinariya da duwatsu masu daraja, wadda a ke kira Karagar Ɗawisu. A 1739 Nadir Shah, sarkin Farisa, ya ci Delhi da yaƙi, ya kwashe dukiyarta har da karagar. A 1857 sojojin Indiya da jama'a da yawa suka yi wa Turawan Ingila bore. Da Turawa suka rinjaye su, sai suka kama Bahadur Shah, sarkin Mugal na ƙarshe, yana tsoho tukuf, suka kai shi Rangun a ƙasar Bama, can ya rasu a 1862. Suka rushe ɗakuna da yawa na cikin fadar, suka gina barikin soja a wurin. Bayan shekara 90 da boren, a 1947, Indiya ta sami mulkin kai. Har yanzu kowace shekara, ran 15 ga Agusta, Firayim Minista ya kan hau bisa babbar ƙofar fadar ya ɗaga tutar ƙasa, ya yi wa jama'a jawabi. Da dare a kan yi wani wasa a ciki, a haska bangaye da fitilu masu launi, ana jin muryoyi da sukuwar dawaki ta lasifika, ana ba da wannan tarihi daki-daki.

Zango na ƙarshe yana kudu da tsohon gari, sai an shiga mota. Ba a daɗe da tafiya ba sai baƙo ya ga kamar an kai shi wata ƙasa. Lunguna sun ƙare, ga tituna masu faɗi miƙaƙƙu, da itatuwa jere dama da hagu. Wannan ita ce Sabuwar Delhi. A 1911 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya ba da sanarwa za a ɗauke hedkwatar mulki daga Kalkata a kawo ta Delhi. Aka shekara 20 ana aiki, aka buɗe sabon garin a 1931.

A nan ne Ƙofar Indiya ta ke. Ba ƙofar shiga ko'ina ba ce, tsaye ta ke ita kaɗai a tsakiyar fili, tsayinta mita 42. An gina ta ne don tunawa da sojojin Indiya fiye da 70,000 waɗanda suka mutu a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. An sassaƙa sunaye fiye da 13,000 a jikin duwatsunta. Daga nesa ba a ganin rubutun, sai jagora ya ja hankalin mutum gare shi. Kowane suna ɗan wani ne, ko mijin wata, wanda ya tafi bai komo ba. A kewayen ƙofar kuwa ga iyalai zaune bisa ciyawa suna shan iska, yara na guje-guje, masu sayar da balan-balan da ƙanƙara mai zaƙi suna ta ciniki. Can gaba, a ɗaya ƙarshen titin, ana hangen ƙubbar fadar Shugaban Ƙasa, gida mai ɗaki 340. A nan jagora zai sake ƙirga mutanensa, ya mai da su masauki.

Gine-ginen nan sun daɗe, amma ba su fi ƙarfin lalacewa ba. Hayaƙin motoci da na masana'antu yana baƙanta jan dutsen. Waɗansu marasa tunani kuma su kan kankare bango su rubuta sunayensu. Dutsen da ya shekara fiye da 350 a tsaye, yaro ɗaya da ƙusa yana iya ɓata shi cikin minti ɗaya, ba kuwa mai iya mai da shi yadda ya ke. Don haka hukuma ta sa masu gadi da masu gyara, jagora kuma ba ya gajiya da faɗa wa baƙi su duba da ido, kada su taɓa da hannu.

Kun ga dai abin da jagora ya yi cikin 'yan awoyi kaɗan. Wanda ya tafi shi kaɗai zai komo ya ce ya ga jan bango, da kasuwa, da wata doguwar ƙofa. Wanda ya bi jagora kuwa zai san wanda ya gina, da abin da ya sa aka gina, da abin da ya faru a wurin. Dutse ba ya magana, sai wanda ya san labarinsa ya yi magana a madadinsa. Shi ma jagoran ba da sanin aka haife shi ba, karatu ya yi, ya kuma tambayi manya. Ba garin da ba shi da tsohuwar rijiya, ko ƙofa, ko kasuwa, ko unguwa mai sunan da ke da dalili. Ku tambayi kakanninku tun suna raye, ku rubuta abin da suka gaya muku, don ran da baƙo ya sauka garinku ya sami mai ja masa gora.

TAMBAYOYI

1. Daga ina muka sami kalmar jagora?
2. Kawo dalilai uku da suka sa baƙi ke son zaga Delhi da yamma.
3. In ƙarfe takwas na dare ta yi a Delhi, ƙarfe nawa ke nan a Nijeriya?
4. Mene ne ma'anar Candani Cauk, me ya sa kuma aka ba wurin wannan suna?
5. Me ya faru a Lal Kila a 1739, me kuma a ke yi a can ran 15 ga Agusta?
6. Don me aka gina Ƙofar Indiya?
7. A ce kai ne jagora a garinku. Rubuta wurare uku da za ka kai baƙo, da abin da za ka gaya masa game da kowanne.