Tayar Hunturu A Kwaltar Bazara: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Sayarwa Su Sani

Masu iya magana na cewa kallon kitse ake yi wa rogo. Duk wanda ya shiga layin masu tayoyi a Maraɗi, ko Birnin Ƙonni, ko ya tsallaka Jibiya da Illela, ya san yadda cinikin taya ke tafiya: mai saye zai durƙusa, ya cusa yatsa cikin zane, in ya ji zurfi sai ya ɗaga kai ya tambayi kuɗi. Daga nan sai a shiga ja-in-ja a kan farashi, a biya, mai faci ya ɗaura, a kama hanya. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya karanta rubutun da ke gefen tayar, alhali kuwa a nan ne duk labarinta yake.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne wata tambaya da masu saurare ke yawan aiko mana a gidan rediyo, musamman alhazan da suka sayi manyan motoci masu ƙarfin gudu irin su Mercedes da BMW. Sun ji an ce Turawa na da tayar bazara, da tayar hunturu, da kuma ta duk shekara, to mu nan wacce ta dace da mu? Tambayar ta shafi mai babbar mota, ta shafi direban da ke jigilar ƴan kasuwa ranar kasuwar Ɗan Isa, ta kuma shafi wanda ke sauke kwantenar tayoyin gwanjo yana rarraba wa ƴan sari.

Me ya raba su?

Bambanci na farko yana cikin robar kanta. Tayar hunturu ana haɗa ta da roba mai taushi don kada ta daskare cikin sanyi, kuma masu ƙera tayoyi sun saba sa iyaka a digiri 7: ƙasa da haka tayar hunturu ce ke riƙe hanya da kyau, sama da haka kuwa ta bazara ce. Bayan taushi, zanenta na da zurfi, kuma kowane ɗan tudu na zanen an tsattsaga shi da ƙananan layuka kamar an bi shi da reza, domin ya ciji dusar ƙanƙara. Wani kamfani a ƙasar Finlan, wanda a yau ake kira Nokian, shi ya fara yin irinta a 1934.

Tayar bazara kuwa robarta ta fi tauri, tudun zanenta manya ne, tana da faffaɗan layuka da suka zagaye ta don fitar da ruwa. A nan sunan ke ruɗar mutane, domin wasu na zaton ba ta da amfani da damina. Gaskiyar magana ita ce an yi ta ne don kwalta mai ɗumi, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, kuma ruwan saman Agusta bai fi ƙarfinta ba muddin zanenta bai suɗe ba.

Ta ukun ita ce ta duk shekara, wadda kamfanin Goodyear na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1977. Ita raba-daidai ce: ba ta kai ta hunturu a cikin ƙanƙara ba, ba ta kuma kai ta bazara a cikin zafi ba, amma tana hutar da mai mota canjin taya sau biyu a shekara.

Yadda suke isowa gare mu

To me ya kawo tayar ƙanƙara ƙasar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji? Amsar tana cikin dokokin Turai. Tun 2010 doka a Jamus ta tilasta wa direba ɗaura tayar hunturu idan hanya ta yi ƙanƙara, kuma Jamusawa sun saba ɗaura ta daga Oktoba har zuwa bikin Ista. Faransa ma daga Nuwamban 2021 ta wajabta tayar hunturu ko sarƙar taya a yankunanta na tsaunuka, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Ke nan miliyoyin motoci na da tayoyi kashi biyu.

A nan gizo ke saƙar. Doka a Turai ta yarda a yi amfani da taya har zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, amma ita tayar hunturu da zarar ta yi ƙasa da milimita 4 ta daina aiki sosai a ƙanƙara, har ma a ƙasar Ostiriya doka ba ta ƙara lissafa ta a matsayin ta hunturu. Saboda haka Bature kan cire ta tun tana da sauran zane mai kyau a ido. Ita ce ake tarawa, a cika kwantena, a sauke a tashar Kwatano ko Lome, a ɗoro wa manyan motoci zuwa arewa. Idan ta iso kasuwarmu ta fi sauran ƴan uwanta kyan gani, don haka ita ake fara zaɓa, wani lokaci ma ita ta fi tsada.

Buƙatar ta ƙaru ne bayan kamfanonin Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu a Najeriya, na farko a 2007, na biyu a 2008. Kuma kodayake tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, kowa a bakin iyaka ya san inda yawancinsu ke ƙarewa.

Abin da zafi ke yi mata

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Ƙonni da Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa, ita kuwa kwalta ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Robar da aka yi don sanyin Turai idan ta hau irin wannan kwalta sai ta ƙara laushi. Abu na farko da mai mota zai gani shi ne saurin suɗewa, zanen nan da ya burge shi a kasuwa ya narke cikin ɗan lokaci. Na biyu, sitiyari ba ya amsawa da wuri, mota na lilo a kwana. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne birki. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada tayoyin hunturu a busasshiyar hanya lokacin zafi, ta tarar cewa daga gudun kilomita 100 a awa mota kan ƙara har mita 16 kafin ta tsaya, in an kwatanta da mai tayar bazara. Mita 16 ya kai tsawon ƙananan motoci uku a jere da ɗoriya. Duk direban da jaki ko amalanken shanu ya taɓa ɓullo masa a hanyar Madawa ya san abin da wannan tazara ke nufi.

Dole mu faɗi gaskiya a nan: kasancewar taya ta hunturu ba shi kaɗai ke sa ta fashe ba. Abin da ke fasa taya shi ne zafin da ke taruwa a cikinta, kuma ƙarancin iska, da lodin da ya wuce ƙima, da gudu, da tsufa su ne ke hura wannan wuta. Sai dai tayar hunturu ta gwanjo kan zo ne da tsufa da taushi tare, mu kuma mu ƙara mata lodi da zafin rana. Idan mai karatu bai manta ba, a Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran da suka ci rayuka, kuma matsalar ta fara bayyana ne a ƙasashe masu zafi irin su Saudiyya da Benezuwela. Waɗancan ba na hunturu ba ne, amma sun nuna wa duniya cewa zafi da ƙarancin iska ba abin wasa ba ne.

Wani zai ce ai mu ma muna da hunturu. Haka ne, amma sanyin Disamba da Janairu da ke sa mu jin wuta da asuba yana wucewa da zarar hantsi ya ɗaga, kuma ba ya daskarar da ruwa a kan kwalta. Babu wani wata a cikin goma sha biyu da mota a nan ke buƙatar tayar hunturu.

Yadda ake gane ta

Ba sai mutum ya iya Turanci ko Faransanci ba. A duba gefen taya: idan an ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara kamar tauraro a cikinsa, to an gwada tayar ne don ƙanƙara. Tayoyin hunturu na ɗauke da wannan alama, haka ma yawancin na duk shekara da ake yi wa kasuwar Turai, don haka sai a haɗa da suna. Alpin, WinterContact, Blizzak, UltraGrip, Sottozero da Hakkapeliitta duk na hunturu ne, haka duk wadda aka rubuta wa Winter, Snow ko Ice. CrossClimate, Vector 4Seasons da AllSeasonContact na duk shekara ne. Pilot Sport, P Zero, SportContact da PremiumContact kuwa na bazara ne. Idan aka ga ƙananan ramuka a jere a kan zane, ko ƙusoshi, to daga ƙasashen arewacin Turai ta fito, a bar ta inda aka gan ta.

Akwai kuma haruffan M+S, ma'ana laka da dusar ƙanƙara. Kada su ruɗi mai zuwa kasuwannin ƙauye ya ɗauka ya samu tayar caɓi. Mai Hilux ko Land Cruiser da ke bin jar hanya da rairayi, tayar da aka rubuta wa A/T ya kamata ya nema.

Sai shekarar haihuwa. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3518 na nufin mako na 35 a 2018. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin 2000, ba ta da sauran amfani a mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana gargaɗin kada taya ta wuce shekara 4, shi kuwa kamfanin Michelin na cewa a riƙa bincikarta duk shekara bayan ta cika 5, kuma ko ya take kada ta wuce 10.

Na ƙarshe su ne lamba da harafin da ke bin girman taya, misali 205/55 R16 91V. Lambar 91 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615, harafin V kuma iyakar gudunta kilomita 240 a awa. Q na nufin 160, T 190, H 210, W 270, Y 300. Tayoyin hunturu da yawa harafinsu na ƙasa ne, shi ya sa ba su dace da mota mai ƙarfin gudu ba. Abin da motarka ke buƙata yana cikin littafinta, adadin iska kuma a ƴar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai.

To wacce za a saya?

Ga mai babbar mota da ke bin kwalta, amsar ɗaya ce: tayar bazara, guda huɗu iri ɗaya, masu lamba da harafin da ba su gaza abin da kamfanin motar ya tsara ba. Wanda ya iya biyan miliyoyin sefa ya sayi mota bai kamata ya yi ƙwauro a kan abin da ke haɗa ta da ƙasa ba. Ga mai ƙaramar mota ta zirga-zirgar yau da kullum, ta duk shekara ba laifi idan ba tsohuwa ba ce. Masu Hiace da sauran motocin lodi su nemi wadda girmanta ya ƙare da harafin C, kamar 195 R15C, domin ita aka yi wa nauyi. Idan aljihu bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a ɗaura su a baya, kada kuma a haɗa ta hunturu da ta bazara dama da hagu.

Iska kuma a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya. Al'adar nan ta rage wa taya iska a tsakiyar hanya wai don kada zafi ya fasa ta kuskure ne babba, domin taya mai ƙarancin iska ita ta fi lanƙwasa, ita ta fi ɗaukar zafi.

Kira ga ƴan kasuwa

Mun san masu wannan sana'a da yawa ba da gangan suke yi ba, su ma a dunƙule ake sayar musu. To amma yanzu da aka sani, mai odar kwantena na iya gindaya sharaɗi tun daga can cewa a ware masa na bazara, a kuma daina cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin dako, domin hakan na lalata wayar bakin taya. Wanda na hunturu suka riga suka shigo hannunsa, ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya sayar wa masu amalanke da masu yin takalma da guga a farashin da ya dace. Masu sake sassaƙa zane da wuƙa, da masu goge shekara, su ji tsoron Allah, domin motar da aka ɗaura wa wannan taya wataƙila ita ce za ta ɗauko ɗanka daga makaranta a Damagaram.

Shi kuma mai saye ya tuna araha ba ta ado. Kafin ka cusa yatsa cikin zane, juya tayar ka duba alamar dutse, ka karanta lambobi huɗun nan, sannan a yi maganar kuɗi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.