Daga Littafin Ma'aji Zuwa Kujerar Darakta: Aikin Tafiyar da Ƙungiya a Ƙonni, Malbaza da Illela

A Birnin Ƙonni, idan matashi ya gama karatu ya ce yana neman aikin ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, kowa ya san abin da ke ransa: farar mota mai tambari a ƙofa, albashi mai zuwa a kan kari, da kuɗin hanya duk ranar da aka kira taron bita a Tawa ko Yamai. Son haka ba laifi ba ne. Sai dai ƙungiyoyin da suka fi yawa kuma suka fi daɗewa a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ba su da mota. Na 'yan ƙasa ne: manoman albasa, masu ban ruwa a gandari, mata masu asusu, makiyaya, kwamitocin bankin hatsi da na rijiyar burtsatse. Kowacce tana da kuɗin da za a ƙirga, da taron da za a kira, da rigimar da za a kashe. Mai son ya zama gwanin tafiyar da ƙungiya, wanda za a riƙa nema ko da masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu, a nan ya kamata ya fara cin tuwon makaranta.

A ɗauki gandarin noman rani na Ƙonni. Faɗinsa ya kusa hekta 2,500, an gina shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, kuma yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zongo da ke kan Majiya. Bayan babban taron Damagaram na 1982 kan raya karkara, gwamnati ta miƙa tafiyar da irin waɗannan gandaye ga ƙungiyoyin manoma, hukumar ONAHA tana ba da shawara da sa ido. Tun daga lokacin, dubban magidanta suka dogara ga ƙwazon mutane ƙalilan: wanda ke tsara wa za a buɗe wa ruwa yau, wa zai jira jibi, wanda ke karɓar kuɗin ruwa bayan girbi, wanda zai tara mutane su yashe magudana kafin yashi ya cinye ta. Mai gonar da ke bakin ruwa ba ya son a rufe, na ƙarshen layi yana kallon alkamarsa tana yaushi. In mai karɓar kuɗin ruwa ya ɗaga wa surukinsa ƙafa bana, baɗi rabin unguwa ba za su biya ba, kuma ranar da ƙofar ruwa ta karye babu abin gyara.

A 2016 Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka kan tallafin dalar Amurka miliyan 437, kuma gyaran gandarin Ƙonni yana cikin manyan ayyukan. An gyara magudanai, an kuma kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa dabam da ƙungiyoyin noma, domin kuɗin ruwa ya daina cakuɗuwa da kuɗin taki. A ganina wannan rabewar ta fi simintin muhimmanci. Siminti ɗan kwangila ne ke zubawa ya tafi. Asusun gyara kuwa sai an sami mutumin da zai riƙe shi shekara da shekaru, ya iya fuskantar babban taro ya karanta shige da fice ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Haka abin yake a harkar albasa. Sunan Galmi, da ke cikin gundumar Malbaza, ya kai Ghana da Kwaddibuwa saboda jar albasarta. Amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire tasa, farashi kan faɗi warwas; wanda ya iya adana ta a rudu har cikin damina shi ke ganin riba, in ruɓa ta bar masa wani abu. Manomin da bashin taki da na man injin ban ruwa ya shaƙe ba ya iya jira. Manajan ƙungiya na ƙwarai shi ne wanda ya san yadda zai nemo rancen da zai ba manoma damar jira, ya san dillalan Tsarnawa da na Galmi, ya kuma iya tsayawa kan maganar girman buhu, don mai saye kullum so yake a cika shi har ya yi tozo a kan kuɗi ɗaya. Akwai manyan haɗaɗɗun ƙungiyoyi irin su FCMN-Niya ta masu noman lambu, wadda aka kafa a 1996, da ANFO ta masu harkar albasa, da kuma zauren manoma na jihar Tawa. Dukkansu suna buƙatar masu lissafi da masu tsara aiki, kuma sun fi amincewa da wanda ya taso daga ƙaramar ƙungiya aka san halinsa.

Doka ba ta da daɗin karatu, amma rashin saninta ya kashe ƙungiyoyi da yawa. Ƙungiyoyin sa-kai suna ƙarƙashin dokar da ake kira Ordonnance 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda ta sa sai an sami izinin ma'aikatar cikin gida. Ƙungiyoyin gama-kai na manoma da 'yan kasuwa kuwa suna bin dokar OHADA da aka amince da ita a Lome a Disamban 2010. Ta kasa su biyu: SCOOPS, wadda mutum 5 ke iya kafawa, da COOP-CA, wadda sai an kai 15. Kowacce dole ta sami kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido, kuma kowane mamba ƙuri'a ɗaya yake da ita, ko hektarsa goma ko kwata. Sannan daga 1 ga Janairun 2024 sabon tsarin lissafi na OHADA ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wato SYCEBNL, ya fara aiki. Matashin da ya zauna ya laƙanci wannan tsarin ya riƙe abin da ƙungiyoyi ke nema ruwa a jallo.

Karatun boko yana da hanya: Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana koyar da gudanarwa, makarantar IPDR ta Kollo kuma ta daɗe tana yaye malaman gona. Matakan aiki a manyan ONG sanannu ne. Ana farawa da mai wayar da kai a ƙauyuka bisa babur, a zama mai duba aikin wasu, a riƙe shiri guda, daga nan a zama kodineta. Abin da takarda ba ta koyarwa shi ne aiki da harshe biyu da lissafi biyu. Rahoto da Faransanci ake rubuta shi, da faran ake ƙirga kuɗinsa. A gaban taro kuwa faran 500 dala ɗari ce, faran 50,000 jika hamsin ce, kuma a kasuwannin bakin iyaka wani zai biya da naira. Mai kuskuren juya dala zuwa faran a bainar jama'a, ko da bisa rashin sani ne, an gama kiransa ɓarawo kafin ya isa gida. Ingilishi ma ya zama jari, ga Sakkwato a maƙwabta, ga masu tallafi da yawa da shi suke karɓar takardun neman kuɗi.

Illela tana da darasin da ya kamata kowane shugaban shiri ya sani. A ƙarshen shekarun 1980 asusun FIDA ya kawo shirin farfaɗo da ƙasa a yankin Badagishiri. Abin da aka tsara a takarda shi ne jera duwatsu da haƙa ramuka masu siffar rabin wata. A 1989 aka kai wasu manoman yankin ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka masu faɗi a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru, a shuka gero a ciki. Da suka dawo suka gyara tasu tsohuwar tassa a kan haka. Masu tafiyar da shirin ba su ce wannan ba ya cikin takarda ba; suka bi manoma, suka ƙarfafa ziyarar gona da gona. Cikin 'yan shekaru dubban hekta na fako suka koma gonaki, har aka fara saye da sayar da ƙasar da a da ko kyauta ba mai so. Da an sami shugaba mai tsoron saɓa wa jadawali, da rahotonsa ya yi kyau, fako kuma yana nan yadda yake.

Mata sun riga maza gano wani sirri. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu har Adar, ya ginu ne kan ƙirga kuɗi a gaban kowa da raba mabuɗan akwati a hannun mata dabam-dabam. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun koyi jagorancin taro da bin bashi, wasu har sun zama kansiloli. Ƙungiyar maza da za ta yarda a ƙirga kuɗinta haka a fili, rabin rigimarta ta ƙare.

Yanzu ga ɗacin maganar. Aikin ONG kwantiragi ne mai wa'adi, kuma wa'adin ba a hannun ma'aikaci yake ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu. A Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin ƙungiyar agaji ta Acted, a Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta bar ƙasar, a 2025 ɗin kuma Amurka ta rushe hukumar USAID. Mutanen da suka saba da albashi mai kauri suka wayi gari a gida. Waɗanda suka fi saurin samun madafa su ne masu abin hannu: lissafi, tsara kasafi, rubuta takardar neman tallafi, sanin manoma da sarakuna da magadan gari. Don haka mai shiga aikin ya tabbata ana zuba masa kuɗin asusun fansho na CNSS, ya karɓi takardar shaidar aiki duk inda ya bari, kuma kada ya yanke hulɗa da ƙungiyar garinsu.

Akwai kuma tarkon kafa ƙungiyar cikin jaka, wadda shugabanta da hatiminta da ofishinta duk suna cikin jakar mutum ɗaya, ma'ajinta ƙanensa ne, babban taronta bai taɓa zama ba. Tana iya cin kwangila ɗaya ko biyu, amma a gari kamar Malbaza labari ba ya kwana. Kusa da wannan akwai ruɗanin da ke tsakanin shugaba da manaja. Shugaba zaɓaɓɓe ne mai wa'adi, manaja ma'aikaci ne da mambobi suka ɗauka. In shugaba ya riƙe littafin banki, ko manaja ya fara zaɓar wanda zai shiga kwamitin sa ido, ƙungiyar ta kama hanyar zama gonar mutum ɗaya. Sa hannu biyu a kan kowace takardar fitar da kuɗi kariya ce ga manajan kansa, musamman ranar da kawunsa ya zo neman rancen biki.

Matsalar da har yanzu ba a warware ba ita ce wa zai biya manajan ƙaramar ƙungiya. Mambobi sukan ce aikin sa-kai ne, Allah zai biya. Mutum kuwa yana da iyali, kuma wanda aka bar wa akwati shekara uku babu ko sisi, an sa shi cikin jarraba da gangan. Ƙungiyar albasa da ke sayar da buhu dubu a shekara tana iya yanke wani abu sananne a kan kowane buhu, a faɗe shi a babban taro, a rubuta a littafi, ya zama ladan manaja da mai lissafi. Matashin da ke neman kujerar ya zo da wannan lissafin a rubuce tun ranar farko, ya nuna wa taro nawa zai ci, nawa kuma zai shigo in an sayar a watan Agusta maimakon Afrilu.