Alƙalamin itace: tsarabar da masassaƙan Amurka ke aika wa sojojinsu da ke nesa da gida

A kowace shekara idan watan Nuwamba ya kama, shagunan kamfanin Woodcraft da ke sayar da kayan aikin kafintoci a Amurka sukan jera injinan juya itace, su buɗe ƙofa ga duk mai so. Tsoho mai ritaya, ɗalibar makaranta, matar soja, duk wanda ya shigo za a miƙa masa guntun itace da bai wuce tsawon tafin hannu ba, a nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen sassaƙa. Cikin awa guda ko ƙasa da haka sai ga alƙalami. Ba ya biyan komai, amma kuma ba ya tafiya da shi gida. Alƙalamin na wani soja ne da bai taɓa gani ba, wanda ke aiki a wata ƙasa ko yake jinya a asibitin soja.

Sunan shirin Turn for Troops, wato juya itace domin sojoji. An fara shi a 2004, kuma ana yin sa ne dab da ranar 11 ga Nuwamba, ranar da Amurkawa ke karrama tsofaffin sojojinsu. Kamfanin mai hedikwata a garin Parkersburg na jihar Bajiniya ta Yamma shi ke ba da itacen da sauran ƙarafunan da ake haɗawa, kuma alƙaluman da aka yi a ƙarƙashin shirin sun haura dubu 100 tun shekarun baya. A wannan shekara ta 2004 ɗin ce kuma wasu masu sha'awar aikin katako suka soma wani yunƙurin mai suna Freedom Pens, inda kowa ke sassaƙa nasa a garejin gidansa, a tara, a aika. Rassan ƙungiyar masu juya itace ta Amurka, wadda aka kafa a 1986, su ma da yawansu sun mai da abin al'ada.

Me ya sa alƙalami?

Sai an tuna yadda shekarar 2004 take kafin a gane. Amurka ta shiga Afganistan a watan Oktoban 2001, ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003. A 2004 yaƙin da aka ce an ci ya dawo sabo, har aka yi gumurzu sau biyu a birnin Falluja. Sojojin Amurka sama da dubu 100 ne a Iraƙi a lokacin, adadin da ya kai kusan dubu 170 a 2007, shekarar da aka tsawaita zaman sojojin ƙasa daga wata 12 zuwa wata 15.

Babu iPhone sai a 2007, babu WhatsApp sai a 2009. Sojan da ke son jin muryar matarsa sai ya bi layin tarho ko na kwamfuta a sansani, kuma idan aka kashe wani a rundunar akan katse tarho da intanet gaba ɗaya har sai an je gida an sanar da iyalan mamacin baki da baki. Wasiƙa ce ba ta da wannan shinge. Hasali ma dokar Amurka ta ba sojan da ke fagen fama damar aika wasiƙa gida kyauta: ya rubuta kalmar da ke nufin "kyauta" da hannunsa a kusurwar da ake manna kan sarki, shi ke nan.

Ga shi kuma alƙalami kayan aiki ne ga soja. Kakin da rundunar sojojin ƙasa ta fara rabawa a 2005 har aljihun alƙalami gare shi a hannun riga. Abu ne mara nauyi, ba ya lalacewa a hanya kamar abinci, kuma kwali ƙarami na ɗaukar ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani, aka aiko masa da ƙullin kilishi ko yaji daga gida, ya san ba tsadar abin ake dubawa ba.

Yadda ake fitar da shi daga guntun itace

Masassaƙin turmi da akushi yana ajiye itace ne a ƙasa, ya bi shi da gizago. A nan itacen ne ke motsi. Inji na juya shi da gudu, sau dubu 2 zuwa dubu 3 a minti guda, mai aikin kuma ya kafa ƙarfensa mai kaifi a kan madogari yana shafto shi kaɗan-kaɗan har ya zama mulmulalle.

Guntun da ake farawa da shi mai kusurwa huɗu ne, faɗinsa kamar santimita 2, tsawonsa kamar santimita 13. Ana raba shi biyu, a huda kowane rabi ta tsakiya daga wannan kai zuwa wancan. Ramin na samfurin da aka fi yi, siririn nan da ake murɗawa bakinsa ya fito, milimita 7 ne. Sai a shafa gam mai ƙarfi a jikin wasu bututun tagulla guda biyu, a cusa su cikin ramukan, a bari su bushe, a daidaita bakunan. Daga nan a zura gutsattsarin biyu a wata siririyar sandar ƙarfe, a sa zobban awo a tsakaninsu da kuma gefe-gefe. Waɗannan zobba su ne ke gaya wa mai sassaƙa inda zai tsaya, domin kaurinsu daidai yake da na ƙarafunan da za a haɗa daga baya.

A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Itacen da ke saura a kan bututun a wajen bakin bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Ƙarfe ya ɗan dakushe, ko hannu ya danna da yawa, sai itacen ya tsage ya yi tsalle ya bar tagulla tsirara, aikin ya koma farko. Wanda ya tsallake wannan sai ya shiga guga da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, yana tsayar da injin lokaci-lokaci ya goga ta tsawon itacen don ya share zoben da juyi ya bari.

Batun shafe na ƙarshe ma ba ƙarami ba ne. Akwai man da ake gogawa inji na juyawa, zafin gugar ya sa shi ƙyalli nan take. Shi ne mai sauri, shi ya sa ya dace da ranar taro, sai dai gumin hannu kan dusashe shi. Akwai kuma masu bin itacen da gam mai saurin bushewa, shafi bayan shafi, har ya zama kamar an rufe shi da gilashi. Wannan ya fi cin lokaci, amma shi ya fi jure zafi da ƙura. A ƙarshe a matse baki, da maƙalar aljihu, da abin murɗawa, a zura bututun tawada irin wanda ake iya canzawa idan ya ƙare.

Yawancin itacen na gida ne, irin su goron Turawa da ake kira walnut, da maple, da ceri, sau da yawa ma ragowar yankan wani aiki. Amma akwai wani da ake shigowa da shi daga dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu mai suna purpleheart. Idan an yanke shi sabo launin ƙasa-ƙasa gare shi, iska da haske na taɓa shi sai ya rikiɗe ya koma shunayya. Sunansa ya zo ɗaya da na lambar Purple Heart, wadda tun 1932 ake ba sojan Amurka da aka raunata ko aka kashe a yaƙi. Don haka masu sassaƙa da yawa kan ware alƙaluman wannan itace domin waɗanda suka ji rauni.

Kai kayan ga masu shi yana da tasa ƙa'idar. A da, Ba'amurke na iya rubuta "ga kowane soja" a bayan ambulan, gidan waya ya kai. An dakatar da hakan a ƙarshen 2001, bayan wasiƙun da aka barbaɗa wa ƙwayar cutar antaraks, wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa, sun kashe mutum 5 a Amurka. Tun daga nan sai da sunan mutum da adireshin rundunarsa, shi ya sa alƙaluman ke bi ta hannun ƙungiyoyin tallafa wa sojoji, ko wani jami'i ko limamin runduna da ya yarda ya karɓa ya raba. Galibi akan haɗa kowane alƙalami da 'yar takarda mai ɗauke da godiya, wani lokaci har da sunan itacen.

Inuwar Biyetnam

Juya itace a Amurka sana'ar nishaɗi ce da dattawa suka fi yawa a cikinta, kuma tsaran da ke riƙe da injinan a 2004 su ne waɗanda suka ga yaƙin Biyetnam da idonsu, wasu ma sun yi shi. Amurkawa sama da dubu 58 suka mutu a can, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka dawo sun tarar da ƙasar da ta gaji da yaƙin ta haɗa har da su a cikin fushinta. Daga wannan tabo ne aka samu ra'ayin da ya yi ƙarfi bayan 2001, cewa mutum na iya ƙin yaƙi amma kada ya juya wa sojan baya.

Akwai wani dalilin kuma. Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole. A yau sojojinta da ke bakin aiki kimanin miliyan 1.3 ne a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 330, wato ko kashi 1 cikin 100 ba su kai ba. Iyalai ƙalilan ke ɗauke da nauyin yaƙi, saura kuwa a talabijin suke ganinsa.

To amma alƙalami na iya cike wannan giɓi? Wani bincike da shirin nazarin asarar yaƙi na jami'ar Brown ya fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sojoji da tsofaffin sojojin yaƙe-yaƙen bayan 2001 su 30,177 ne suka kashe kansu, alhali waɗanda suka mutu a fagen fama 7,057 ne. Mutumin da ke fama da irin wannan ciwo likita yake buƙata, da aikin yi, da wanda zai saurare shi. Kazalika takardar godiyar da ke cikin kwalin ba ta ambaton fararen hular Iraƙi sama da dubu 100 da suka rasa rayukansu. Kuma ba sai an faɗa ba, shagon da ya koya wa mutum juya itace kyauta yau, shi ne zai sayar masa da injin ɗaruruwan daloli gobe. Kasuwar ma ta san inda take taɓawa: ɗaya daga cikin samfuran da suka fi farin jini shi ne mai siffar harsashi, wanda ake fito da bakinsa kamar ana ɗana bindiga.

Duk da haka zai zama rashin adalci a ce abin banza ne. Kamfani na iya buga alƙaluman roba dubu da tambarin tuta cikin yini guda, a farashin da bai kai na itacen ba. Abin da ke cikin na itace shi ne awa guda ta rayuwar wani da ya tsaya cikin ƙura yana lallaɓa shi don kada ya tsage, kuma ba a samun biyu masu zane iri ɗaya. Sojan da aka aske wa kai, aka ba shi kaki da takalmi da lamba irin na kowa, ba kasafai yake samun abin da shi kaɗai ke da irinsa ba.

Yadda Amurkawa ke nesa da inda ake tura 'ya'yansu ya fito fili a kan Nijar. Bayan kwanton ɓaunar Tongo Tongo na ranar 4 ga Oktoban 2017, inda sojojin Amurka 4 suka mutu tare da takwarorinsu na Nijar, ɗan majalisar dattawa Lindsey Graham, wanda a lokacin yake cikin kwamitin kula da harkokin soja, ya fito a talabijin ya ce bai san ƙasarsa na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Waɗannan sojoji sun tattara nasu ya nasu a 2024 bayan hukumomin Yamai sun soke yarjejeniyar soja a watan Maris: sun bar sansanin Yamai a Yuli, na Agadas a Agusta. Kafin nan, a watan Agustan 2021, an fice daga Afganistan.

Manyan yaƙe-yaƙen da suka haifi shirin sun wuce, amma har yanzu akwai sojojin Amurka sama da dubu 50 a Japan, da wasu dubbai masu yawa a Jamus da Koriya ta Kudu da ƙasashen yankin Gulf, ban da waɗanda ke shafe watanni a cikin jiragen ruwa. Shirin na Woodcraft ya yi zagaye na 20 a 2023. A wasu garuruwan kuma ƙungiyoyin masu juya itace sun koma koya wa tsofaffin sojojin da suka ji rauni sana'ar ita kanta, har da injinan da aka tsara don mai zaune a keken guragu, kuma alƙalami na cikin abubuwan farko da ake fara koya musu.