Kafin a ɗauki 'yar kyanwar da aka tsinta: inda tausayi ke buƙatar sani a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Lokacin hunturu ne aka fi cin karo da su. Ana kwashe tarin kara a bayan gida, ko ana share rumbu kafin a zuba sabon hatsi, sai a ji ƙaramin kuka. Idan aka leƙa, 'ya'yan kyanwa ne uku ko huɗu, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba.

A ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, inda ake zaune tare da tattabaru, zomaye, kyanwoyi da karnukan gadin gona, yawanci yara ne ke fara kai hannu. Su saka dabbar a kwali, su kawo wa uwa, a nemo madara a cokali. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa kafin kwana biyu dabbar ta mutu, wani lokaci ma ta bar wa gidan cuta.

Tausayin dabba ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A makarantun Islamiyya ana karantar da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne iyakar abin da mai ceto zai iya.

Ba kowace aka tsinta ce marainiya ba

Kyanwa mai shayarwa tana barin 'ya'yanta ta tafi farauta, tana kuma sauya musu maɓoya, tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya a baki. Wanda ya tarar da biyu a cikin kara, wataƙila uwar tana kan hanyar dawowa ne ta ɗauki sauran.

Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ja da baya a sa ido na wasu sa'o'i. Idan 'ya'yan na da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, uwarsu na kusa. Idan jikinsu ya yi sanyi, suna kuka ba ƙaƙƙautawa, ko kiyashi ya fara hawansu, a nan ne ake sa hannu.

Aikin da ke jiran mai ɗauka

Jinjirar kyanwa da ba ta kai mako biyu ba tana bukatar abinci duk bayan sa'a 2 zuwa 3, dare da rana. Ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, don haka sai an naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma an ajiye kusa da ita. Ba a ba ta abinci jikinta na sanyi, sai an fara ɗumama ta. Ba ta iya fitsari ko kashi da kanta, sai an goga mata auduga mai ɗumi bayan kowane ci, kamar yadda uwa ke yi da harshe.

Nonon shanu da madarar gari da ake dama wa yara suna jawo mata gudawa, ita kuwa gudawa na saurin kashe ƙaramar dabba. Idan aka kwantar da ita rigingine aka ɗura mata, madarar na iya bi ta huhu. Akwai madara ta musamman da ake haɗawa domin jinjiran kyanwa, sai dai ba a kowane shagon magani ake samun ta ba.

Wannan ɗawainiya ce ta kusan mako huɗu kafin ta fara lasar abinci da kanta. Manomin da ke kwana wajen yankan rake ko dafa mazarƙwaila, da ɗalibin da ke wuni a makaranta, ya kamata su tambayi kansu wa zai tashi da ƙarfe biyun dare. Idan babu, abin da ya fi shi ne a nemi wata kyanwa mai shayarwa a maƙwabta, domin sau da yawa tana karɓar 'ya'yan da ba nata ba.

Ɗan shila ma haka yake. A kwanakin farko iyayensa na ciyar da shi da wani ruwa mai kauri da suke fitarwa daga maƙoshi. Cusa masa gero a wannan lokaci ba ya maye gurbin hakan. Masu kiwon tattabaru sun san dabarar: a saka shi ƙarƙashin wasu tattabarun da ke renon ɗa sa'ansa.

Magungunan gida da ke kisa

Paracetamol guba ne ga kyanwa. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ƙwari na gona da wasu ke fesa wa dabba don kashe ƙuma ko kaska na shiga ta fata, kuma dabbar na lashe shi. Hatta wasu magungunan ƙuma na karnuka, masu sinadarin permethrin, na sa kyanwa karkarwa har ta mutu.

Karaya, rauni mai zurfi, kumburin ciki da wahalar numfashi duk aikin likita ne. Mazauna waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da sa'ar kusanci da Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Samaru. Akwai kuma ma'aikatan lafiyar dabbobi na gwamnatin jiha da za a iya tambaya ta sashen noma na ƙaramar hukuma.

Iyakar da ba a tsallakewa

Haɗari mafi girma shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ba kowane kare mai cutar ke hauka yana cizon jama'a ba. Wani kwanciya yake yi shiru, ƙafafunsa su saki, muƙamuƙinsa ya rataye, miyau na zuba. Irin wannan ne ke ba yaro tausayi, har wani ya zura hannu a bakinsa yana zaton ƙashi ne ya maƙale. Ɗan kwikwiyo na iya ɗauke da cutar, kyanwa ma haka, kuma ba sai cizo ba: yakushi ko lasar wurin da ke da rauni ya isa.

Idan hakan ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar domin allurar rigakafi. Cutar kan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun fito, kusan babu mai tsira. Shafa toka ko ɗaure wurin da ganye ba ya hana ta.

Dabbar da ta yi cizon kuwa, a killace ta idan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a sanar da jami'in dabbobi, wanda kan sa mata ido na kwana 10. Idan ta mutu ko aka kashe ta, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a wurare irin su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Gida ma yana da haƙƙi

Tsuntsun da aka tsinta yana layi ko wuyansa a murɗe bai kamata ya shiga akurki ba. Jihar Kaduna ta san wannan darasi: a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Duk sabuwar dabba a ware ta na aƙalla mako biyu, a kuma riƙa wanke hannu, domin ko makero yara na ɗauka daga jikin 'yar kyanwa.

Sai batun yawa. Kyanwa na ɗaukar ciki na kimanin kwana 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Zomanya wata ɗaya kacal take yi. Gidan da ya karɓi biyu bana zai iya wayar gari da goma baɗi, alhali abincin bai ƙaru ba. Tara dabbobi a keji babu isasshen abinci da tsabta shi ne ainihin abin da hadisin nan ya yi gargaɗi a kai.

Wanda ba zai iya riƙo ba yana da sauran hanyoyin taimako. Zai iya ajiye kasko da ruwa a inuwa lokacin bazara, ya hana yara jifan kyanwa mai ciki, ya rufe bakin rijiya, ya kai karensa rigakafi tun yana wata uku. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar na daina yaɗuwa a tsakaninsu.